Ɗan Riƙo Tsakanin Gida Biyu



Muna godiya ga wannan ƙungiya da ta ba mu damar tsayawa a gabanku. Abin da za mu yi magana a kansa yau yana cikin kusan kowane gida namu, amma ba kasafai ake kawo shi ɗakin lacca ba, watau riƙo. Da za mu ce duk wanda ya tashi a hannun wanda ba shi ya haife shi ba ya ɗaga hannu, da mun ga hannuwa da dama a nan. Tambayar da muka zo da ita guda ɗaya ce: idan ɗan riƙo ya tasa, ya kai shekara goma sha huɗu ko sha biyar, ya fara abin da muke kira kangara, wa ya kamata a yi wa magani? Mun saba da cewa yaron. Mu kuwa a ganinmu, gidajen biyu ne, gidan da aka haife shi da gidan da aka riƙe shi, a zaunar da su wuri guda, shi ma yaron a ji ta bakinsa.

Riƙo a Ƙasar Hausa

Tun farko ya kamata a fahimci cewa ba mu zo domin mu kushe riƙo ba. Riƙo yana daga cikin kyawawan al'adun da suka riƙe zumuntarmu. Akan ba kaka jika domin ya ɗebe mata kewa, akan ba goggo ko inna wadda Allah bai ba haihuwa ba, akan kwashe marayu a raba wa baffanni da kawunnai, akan kuma ba da ɗan fari saboda kunyar da ke tsakaninsa da mahaifansa. Wanda yake so ya ga yadda abin yake a da, ya nemi littafin tarihin Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Ita Baba ba ta haihu ba, amma ba ta tsufa ita kaɗai ba, domin 'ya'yan dangi da aka ba ta riƙo.

Addininmu ma ya san riƙo, ya kuma kafa masa iyaka. Manzon Allah (S.A.W.) ya sha nonon Halimatu Sa'adiyya, kakansa Abdulmuɗɗalibi ya riƙe shi, daga baya baffansa Abu Ɗalibi. Amma aya ta 5 ta Suratul Ahzabi ta hana a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba. Ke nan ana riƙon yaro, ba a share asalinsa. Haka nan a mazhabar Malikiyya uwa ce kan gaba wajen reno, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin miji. In uwa ta auri bare, haƙƙin ya koma ga uwarta da danginta mata kafin ya zo ga wajen uba. A al'ada kuwa sau da yawa da an yaye yaro sai dangin uba su karɓe shi, ba tare da an waiwayi wannan tsari ba.

To, ina gizo yake saƙa? A da, gidan haihuwa da gidan riƙo sukan kasance a unguwa ɗaya ko ƙauyuka maƙwabta, ana haɗuwa a kasuwa da wurin suna da biki, yaro yana ganin kowa, kowa yana ganinsa. Yau aiki da karatu da fatauci sun watsa dangi. Al'adar tana nan, amma idon da ke tsaronta ya ragu.

Wani Yaro Daga Likoro

Bari mu kawo misali daga cikin danginmu, ba tare da ambaton suna ba. Likoro gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Kudan, wadda hedkwatarta take Hunƙuyi, a arewa da Zariya. A can aka haifi yaron, shi ne ɗan fari a wurin uwarsa. Ubansa ya rasu yana goye. Da aka yaye shi sai goggonsa, wadda ke aure a Zariya ta kuma daɗe ba ta haihu ba, ta roƙa aka ba ta shi. Uwar ta sake aure a wani ƙauye ta wajen Ikara.

Goggo ta riƙe shi da zuciya ɗaya, ba wanda zai ce ta cuce shi da ci ko sutura. Da aka sa shi makaranta sai aka rubuta shi da sunan mijinta, don a sauƙaƙa magana. Bayan shekara takwas Allah ya ba ta haihuwa, ta jera 'ya'ya uku. Yana da shekara goma sha biyar sai ya fara gudun makaranta, yana kwana a tasha, har sau biyu ya ɗauki kuɗin maigidan ya ɓace kwana biyu. Aka yi duka, aka yi rubutun sha, aka yi nasiha, duk a banza. Daga ƙarshe maigidan ya ce ko a mai da shi Likoro, ko a kai shi gidan mari. Wannan kuwa ba ƙaramar magana ba ce, domin kowa ya ji abin da 'yan sanda suka tarar a wani gida a Rigasa cikin Kaduna a watan Satumba na 2019, inda suka fito da mutum fiye da 300, yara da manya, wasunsu da mari a ƙafa, akasarinsu kuwa danginsu ne suka kai su da hannunsu da sunan gyaran hali.

Abin lura a nan shi ne, duk tsawon wannan lokaci ba wanda ya tambayi yaron inda yake zuwa in ya ɓace. Za mu dawo kansa. Amma kafin nan, bari mu yi nisa da gida kaɗan, mu dubi wata al'umma da aka jarraba da raba yara da asalinsu, domin abin da suka koya da hawaye zai amfane mu.

Darasi Daga Ostareliya

Mutanen asali na ƙasar Ostareliya, waɗanda ake kira Aborijin, sun zauna a ƙasarsu dubban shekaru kafin Turawan Ingila su sauka a 1788. Daga wajen 1910 zuwa 1970 hukumomi da 'yan mishan sun riƙa ɗauke 'ya'yansu da ƙarfin doka, ana kai su gidajen renon gwamnati ko a ba Turawa riƙo, ana hana su harshensu, wasu har a canja musu suna. Rahoton binciken da aka miƙa wa majalisar ƙasar a watan Mayu na 1997 ya ƙiyasta cewa abin ya shafi tsakanin yaro ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin uku. Ranar 13 ga Fabrairu, 2008, Firayim Minista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya nemi gafararsu. Duk da haka tabon bai warke ba, domin 'ya'yan Aborijin, waɗanda ba su wuce kimanin kashi 6 cikin 100 na yaran ƙasar ba, su ne fiye da kashi 40 cikin 100 na yaran da ke hannun riƙon hukuma.

Kada a yi mana gurguwar fahimta. Riƙonmu ba ƙwace ba ne, dangi ne ke ba dangi bisa ƙauna, ba kuma da nufin a shafe wata al'umma ba. Amma akwai abu guda da binciken ya fito da shi wanda ya shafe mu. Wasu daga cikin yaran sun faɗa hannun mutanen kirki, sun ci sun ƙoshi, sun yi karatu, amma da suka girma sai tambayar "ni ɗan waye?" ta hana su sakat. Saboda haka tun 1980 aka kafa ƙungiyar Link-Up domin ta haɗa irin waɗannan mutane da danginsu, aka kuma shigar da wata ƙa'ida cikin dokokin jihohin ƙasar, cewa in dole ne a raba yaro da mahaifansa, to a fara neman danginsa, sannan mutanen ƙabilarsa, kafin a je ga bare. Maƙwabtansu na Niyu Zilan, bayan koken ƙabilar Mawuri, sun yi doka a 1989 wadda ta tanadi taron dangi domin su tsara makomar yaro kafin kotu ta yanke hukunci. Wato dai sai da suka sha wuya sannan suka gano abin da kakanninmu suka daɗe suna faɗa, cewa naka sai naka.

Mene Ne Zaman Gyaran Iyali?

Daga shekarun 1950 wasu likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam suka lura da wani abu: a kwantar da yaro a asibiti ko gidan horo ya gyaru, da an mai da shi gida sai ya koma 'yar gidan jiya. Daga nan suka fara zaunar da iyali gaba ɗaya maimakon yaro shi kaɗai. Salvador Minuchin, wanda ya yi aiki da kangararrun yaran talakawa a makarantar Wiltwyck ta jihar Niyu Yok a Amurka, ya nuna cewa sau da yawa halin yaro alama ce ta wata ɓaraka a tsarin gidan. A birnin Adelaide na Ostareliya kuma Michael White, wanda ya yi aiki tare da al'ummomin Aborijin, ya koyar da cewa a raba mutum da matsalarsa: kada a ce yaro ɓarawo ne, a tambaya yaushe ne ɗauke-ɗauke ya shigo rayuwarsa, wace rana ce kuma ya fi ƙarfinsa.

Kada mu ɗauka wannan hikimar Turawa ce kaɗai. A nan Nijeriya, a 1954, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya ɓullo da tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda mai taɓin hankali ke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa na jini, yana karɓar magani ba tare da an yanke shi daga jama'a ba. Duniya ta yaba da wannan tsari. Mu Hausawa kuwa mun ce ruwa ba ya tsami banza, mun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni, in an ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata, a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Ashe ke nan tushen abin yana hannunmu.

Abin da Muke da Shi, da Abin da Muka Rasa

Muna da zaure, muna da dattawa, muna da mai unguwa da dagaci da liman, waɗanda suka ƙware wajen sulhu. Amma in muka yi wa kanmu adalci, zamanmu na zaure yana da giɓi uku in ya zo kan ɗan riƙo.

Na farko, yaro ba ya magana. Akan kira shi ne ya durƙusa, kansa a sunkuye, a yi masa faɗa, a ce ya ba da haƙuri. Na biyu, mata ba sa wurin, alhali kuwa su ne masu riƙon na haƙiƙa. Mariƙiya da mahaifiya suna cikin gida, sai dai a aika musu da abin da aka yanke. Na uku, ba a komawa. Da an shafa fatiha an watse, shi ke nan, sai wata ɓarnar ta sake aukuwa.

Kan waɗannan kuma ga kunya da kara. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, ba za ta iya tambayar yadda ake riƙonsa ba don kada a ce ba ta yarda da mariƙiya ba. Mariƙiya ba za ta ce nauyi ya yi mata yawa ba don kada a ce ta kasa. Kowa ya yi shiru saboda mutunci, yaro kuwa ya fassara shirun da ƙiyayya. Mai gyara daga waje wanda zai ce wa uwa ta rungume ɗan farinta ta gaya masa tana ƙaunarsa a gaban jama'a, bai san mu ba, zai kuma ɓata fiye da yadda zai gyara.

Sai dai al'adar da ta rufe ƙofa ita ce ta bar taga. Akwai wasa tsakanin kaka da jika, akwai tsakanin taubasai. Abin da yaro ba zai iya gaya wa baffansa ba, yakan gaya wa kakarsa cikin raha. Ta wannan taga aka shiga wurin yaronmu na Likoro.

Yadda Aka Yi Zaman

Wata 'yar'uwarmu ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce ta roƙa a jinkirta maganar gidan mari wata ɗaya. Ba ta fara da tara mutane ba. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta je Zariya, ta je Likoro, ta je ƙauyen uwar. Sannan ta sa aka kai yaron ya kwana uku wurin kakarsa ta wajen uwa. A can, tsakanin tsokana da ɓarar gyaɗa, magana ta fito. Ashe kuɗin da yake ɗauka kuɗin mota ne. Likoro yake zuwa, ya tsaya daga nesa yana kallon gonar da ya ji an ce ta ubansa ce, ya kasa shiga gida domin bai san da wane suna zai yi sallama ba. Wata rana da faɗa ya haɗa shi da ɗan goggonsa, yaron ya ce masa gidan nan ba na ubansa ba ne. A wurin wani biki kuma ya gai da mahaifiyarsa ta kau da kai. Ba wanda ya taɓa ba shi labarin ubansa, ko kamanninsa, ko ciwon da ya yi ajalinsa.

Aka sa ranar zama a Likoro, a cikin gida ba a zaure ba, domin mata su samu halarta. Ma'aikaciyar ta roƙi sharaɗi biyu: ba za a kira yaron da ɓarawo ba, kuma za a fara da gode wa goggo da mijinta. Godiyar nan ita ta kwance ƙulli, domin a nan ne maigidan ya faɗi abin da ya daɗe yana cinsa, cewa shekara goma sha uku yana ciyarwa da tufatarwa, ba a taɓa aiko masa ko da tiya ɗaya ta dawa ba, balle sannu. Goggo ta yi kuka ta ce tsoronta kada a ce don ta samu nata ta wofinta na ɗan'uwanta. Kaka ta faɗi maganar yaron yana zaune a gefenta, in ta yi kuskure ya gyara mata. Uwar ba ta ce uffan ba, sai ta aika aka ɗauko wata hula ta marigayin da ta ajiye tun rasuwarsa, ta miƙa wa kakar ta ba shi.

Abin da aka yanke ba mai wuya ba ne. Baffa zai zaga da shi iyakar gonar ubansa a gaban mai unguwa, zai kuma riƙa aika rabon amfaninta Zariya duk kaka. Za a gyara sunansa a makaranta. Zai ci gaba da zama wurin goggo, amma dogon hutun damina a Likoro zai yi shi, ya kuma je wa mahaifiyarsa duk salla. Kawunsa zai leƙa shi sau ɗaya a wata. Za a sake zama bayan wata uku. Ba mu ce yaron ya zama waliyyi ba. Ya sake gudun makaranta, an sake zama har sau biyu. Amma bai ƙara kwana a tasha ba, ya gama sakandare, ba a kuma sa masa mari ba.

Aikin da ke Gabanmu

'Yan'uwa ɗalibai, gobe ku ne malaman makaranta, ku ne alƙalai da magatakardan kotu, ku ne jami'an ƙananan hukumomi da ma'aikatan asibiti. Doka ba ta bar ku hannu sake ba. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991, wadda sashe na 12 nata ya ce a saurari ra'ayin yaro a kan abin da ya shafe shi, sashe na 20 kuma ya ambaci kafala ta shari'ar Musulunci da sunanta. Akwai dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, Jihar Kaduna ma ta yi tata a 2018. Mun kuma ga abin da ya faru a 2020, lokacin annobar korona, da gwamnonin Arewa suka riƙa mai da almajirai jihohinsu cikin motoci. Sauke yaro a ƙofar gidan da ya bari tun yana ƙarami abu ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne zaman da zai sa gidan ya karɓe shi, shi ma ya karɓi gidan.

Saboda haka muna ba da shawara huɗu. In an kawo muku ƙarar yaro, ku fara tambayar a hannun wa yake, wa ya haife shi, yaushe rabonsa da su. Kada ku rubuta yaro da sunan wanda ba ubansa ba, komai sauƙin da hakan zai kawo a ranar. Kada ku yi zama sai kun tabbata mariƙiya da mahaifiya suna wurin, kun kuma samo wanda yaron ke sakewa da shi. Sannan ku sa ranar komawa kafin a tashi. Akwai togaciya guda: inda aka samu azabtarwa ko lalata da yaro, ba a zaunar da shi gaban wanda ya cuce shi da sunan sulhu, wannan maganar hukuma ce, a fara kuɓutar da yaron tukuna.

Muna kuma kira ga sassan nazarin zamantakewa da na Hausa da na shari'a a jami'o'inmu su haɗa hannu su bincika riƙo kamar yadda yake a yau, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin nan, kowannenmu yana da ƙane ko ƙanwa da aka bayar, ko wanda aka kawo gidansu. Zumunta a ƙafa take. In an yi hutu, mu je mu gan su, mu gode wa masu riƙonsu, mu zauna mu ba su labarin iyayensu.

 Allah ya shirya mana zuriya, ya saka wa masu riƙon amana da alheri.